Wa Ya Kayar da Ajantina a Montevideo?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin hutu a daren da ake buga babban wasa ya san abin da kan biyo bayan busa ta ƙarshe. Waɗanda suka ci su fita da sowa, waɗanda aka ci kuwa su zauna neman wanda za su rataya wa laifi. Yau rafali ne, gobe mai tsaron gida, jibi kuma a ce asiri aka yi musu. Ba wa'azi na zo yi ba, domin ni ma ban tsira daga wannan hali ba. Abin da nake so shi ne mu waiwaya mu dubi wani wasa guda, wanda aka yi ran 30 ga Yuli, 1930, a birnin Montevideo, tsakanin Urugwai da maƙwabciyarta Ajantina, watau wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta farko. Urugwai ta ci 4, Ajantina 2. Ni dai a ganina, kofi kaɗai Urugwai ta ƙwace a wannan rana. Sauran asarar da ta biyo baya, wadda ta fi kofin girma nesa ba kusa ba, mutanen Ajantina ne suka jawo wa kansu da hannunsu.

Kafin mu shiga fili, ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan maƙwabta. Kogi ɗaya ne ya raba su, wanda ake kira Rio de la Plata. Buenos Aires tana wannan gaɓa, Montevideo tana waccan, a wancan zamani jirgin ruwa kan haye a dare guda. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, arzikinsu na shanu ne da tumaki, kuma akasarin talakawan biranensu 'ya'yan baƙi ne da suka yi ƙaura daga Italiya da Sifen. Bambancin shi ne girma. A 1930 mutanen Ajantina sun haura miliyan 11, na Urugwai kuwa ba su cika miliyan 2 ba. Ita Urugwai ma an haife ta ne a 1828, bayan Ajantina da Birazil sun gaji da yaƙi a kanta, Ingila ta shiga tsakani. Ƙasar da aka kafa don ta zama shinge tsakanin manya biyu, ba abin mamaki ba ne in ta tashi da son nuna wa duniya cewa ita ma ƙasa ce.

Turawan Ingila masu aikin jirgin ƙasa da ciniki su suka kawo musu tamaula, amma gaba ce ta rene ta. A 1902 Ajantina ta je har gida ta zuba wa Urugwai 6 ba ko ɗaya. Shekara na zagayowa Urugwai ta haye kogi ta rama da 3 da 2. Daga 1905 suka fara takara a kan wani kofi da Thomas Lipton ya bayar, shi dai wannan Lipton ɗin da sunansa yake jikin ganyen shayin da muke sha. Tun daga nan kusan ba shekarar da ba su haɗu ba, kowa yana koyon dabarar ɗan'uwansa don ya karya ta. Kafin Turai ta farga, yaran bakin kogin nan sun wuce malamansu. Urugwai ta ci zinariyar Olimfik a Paris a 1924, ta sake ci a Amsterdam a 1928, kuma wa ta doke a wasan ƙarshe na Amsterdam in ba Ajantina ba? An tashi 1 da 1, aka sake bugawa, Urugwai ta ci 2 da 1. Saboda haka kada wani ya ce ina zagin gaba tsakanin maƙwabta. Ba don ita ba, da ƙasashen nan biyu ba su kai inda suka kai ba.

Amma fa tun da wuri akwai alamar cewa wutar da ke dafa abinci tana iya cin ɗaki. A 1916, a Buenos Aires, tilas aka dakatar da wasan da zai raba gardama a gasar Kudancin Amurka ta farko, saboda jama'a sun cika fili sun tumbatsa, har aka cinna wa rumfar 'yan kallo wuta. A 1924 kuma 'yan wasan Urugwai suka fice daga fili a Buenos Aires ana saura 'yan mintoci a tashi, ana ta jifa.

To, a kan wannan tarihi aka zo 1930. Urugwai ta karɓi baƙuncin gasar don bikin cika shekara 100 da kafa tsarin mulkinta, ta gina babban filin Centenario cikin 'yan watanni, ta kuma ɗauki nauyin kuɗin jirgi da masaukin baƙi. Ƙasashe 13 suka zo, huɗu kacal daga Turai: Faransa da Beljiyam da Romaniya da Yugoslabiya. A wasan kusa da na ƙarshe Ajantina ta lallasa Amurka 6 da 1, Urugwai ita ma ta yi wa Yugoslabiya 6 da 1. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dubban mutanen Ajantina suka cika jiragen ruwa, ana raka su tasha da kirarin nasara ko mutuwa. Hazo ya tsare wasu jiragen a kogi, har masu ciki ba su iso ba sai bayan an tashi. Waɗanda suka iso kuwa sai da aka caje su don neman makamai. Rafalin, wani mutumin Beljiyam mai suna John Langenus, bai yarda ya busa ba sai da aka ba shi tabbacin tsaron lafiyarsa da hanyar da zai kai tashar jirgin ruwa da zarar an gama.

Don Allah mu tsaya mu tambayi kanmu: su wane ne aka ɗora wa wannan kaya? Ba sojoji ba ne, ba kuma ministoci ba. Kyaftin ɗin Ajantina, Manuel Ferreira, ɗalibi ne kamar ni da kai. Ana tsakiyar gasar ya bar 'yan'uwansa ya haye kogi don ya rubuta jarrabawa, bai buga wasansu da Meziko ba. A wannan wasa ne Guillermo Stábile ya sami shiga, ya jefa uku a raga, ya kuma ƙare gasar da ƙwallo 8, fiye da kowa. Francisco Varallo yaro ne ɗan shekara 20, ya shiga wasan ƙarshe da ciwo a gwiwa, a zamanin da doka ba ta yarda a canja ɗan wasa ba. A ɓangaren Urugwai, kyaftin José Nasazzi masassaƙin dutse ne. Héctor Castro hannu ɗaya gare shi cikakke, zarto mai aiki da lantarki ya datse masa na dama tun yana yaro. Akwai kuma José Leandro Andrade, baƙar fata jikan Afirka, tauraron Olimfik na 1924. Da ma tun 1916 Urugwai take saka baƙaƙe a ƙungiyarta, har wakilan Chile suka kai ƙara wai an sa "mutanen Afirka" a wasa. Irin waɗannan talakawa ne aka ce mutuncin ƙasa yana ƙafarsu.

Wanda kayan ya fi danna shi ne Luis Monti, ɗan tsakiyar Ajantina, ƙato mai ƙarfi wanda abokan karawa suke shakka. Kafin wasa aka aiko masa da barazanar kisa, da shi da iyalinsa. Ya nemi a bar shi a waje, shugabanni suka lallashe shi ya shiga. Ya shiga ɗin, amma waɗanda suka ga wasan sun shaida cewa ba Montin da aka sani ba ne. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji. Sai dai wanda aka ambaci sunan iyalinsa da kisa, ban ga dalilin da zai sa a kira shi matsoraci don gabansa ya faɗi ba.

Labarin da aka fi yayatawa game da ranar shi ne na ƙwallo biyu. Kowace ƙasa ta zo da tata, kowa ya kafe sai da tasa za a buga. Aka daidaita a kan a yi rabin farko da ta Ajantina, rabi na biyu da ta Urugwai. Pablo Dorado ya fara ci wa Urugwai a minti na 12, Carlos Peucelle ya farke a minti na 20, Stábile ya ƙara a na 37, aka tafi hutu Ajantina tana gaba da 2 da 1. Da aka dawo da ƙwallon masu gida, Pedro Cea ya farke a minti na 57, Santos Iriarte ya ɗirka wata daga nesa a na 68, Castro kuma ya rufe da kai a na 89. Masu son almara sukan ce ai ƙwallon ce ta yi aiki. Ni ban yarda ba. Urugwai ta jefa ta farko ne da ƙwallon Ajantina. Abin da ya faru a rabi na biyu shi ne ƙungiya mai ƙoshin lafiya, wadda ta saba cin wasan ƙarshe, ta danne ƙungiya mai gurgu a gaba da mai fargaba a tsakiya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kashegari Urugwai ta ba da hutu a ƙasa baki ɗaya. A Buenos Aires kuwa taron jama'a suka nufi ofishin jakadancin Urugwai da duwatsu. Jaridu suka kasu biyu, masu cewa an yi musu keta da mugun wasa da rafali, da masu cewa 'yan wasansu ragwaye ne, musamman Monti. Abin dariya a nan shi ne, hukuncin da aka fi jayayya a kansa a wasan Ajantina ya amfana, domin ƙwallon Stábile ce Nasazzi ya yi ta rantsuwa satar gida ce, rafali ya ce ta ci. Duk da haka hukumar ƙwallon Ajantina ta yanke hulɗa da ta Urugwai. Laifi tudu ne.

Yanzu sai mu yi lissafi, tunda yawancinmu aikin lissafi da fayil muke shirin yi. Stábile ya tafi Genoa a Italiya kafin shekarar ta ƙare, bai sake buga wa ƙasarsa ba. Wasa 4 ya yi mata duka-duka. Monti ya koma Juventus a 1931, ya ci gasar lig ta Italiya sau huɗu a jere, ya kuma sa rigar Italiya. A 1934 manyan kulob na Ajantina suka hana 'yan wasansu, aka tura ƙungiyar 'yan sa-kai zuwa gasar duniya, Siwidin ta kore ta da 3 da 2 a wasan farko, ta juyo gida bayan wasa ɗaya tak. Italiya ta ɗauki kofin, kuma a cikin goma sha ɗayan da suka buga mata wasan ƙarshe har da haifaffun Ajantina uku: Monti da Raimundo Orsi da Enrique Guaita. Orsi ne ma ya farke mata ƙwallon da ta cece ta. Mutumin da aka kira rago a Buenos Aires shi ne har yau kaɗai wanda ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya wa ƙasashe biyu. Daga nan Ajantina ba ta halarci gasar 1938 da 1950 da 1954 ba. Da ta dawo a 1958, Chekoslobakiya ta zuba mata 6 da 1, aka tarbi 'yan wasa a filin jirgin sama da jifan kwabbai. Ba ta ɗaga kofin ba sai 1978, shekara 48 bayan Montevideo, alhali kuwa ƙaramar maƙwabciyar ta sake ɗauka tun 1950.

Na san za a ce mini kuɗi ne suka kai Monti da Stábile Italiya, ba zagi ba; ai Orsi ya riga su tafiya tun bayan Amsterdam. Gaskiya ne, kuma ban musa ba. Italiya tana biya, Ajantina kuwa sai a 1931 ta fara biyan 'yan wasa a fili. Amma ina tambaya: ƙasar da ba ta da kuɗin riƙe gwanayenta, da me za ta riƙe su in ba da girmamawa ba? Wannan ɗin ma ta hana su. Za a kuma ce Urugwai ba waliyyiya ba ce. Haka ne. 'Yan kallon Montevideo sun yi ta yi wa baƙinsu ihu tun wasansu na farko da Faransa, wasiƙar barazana kuma ba daga sama ta faɗo ba. Ita ma Urugwai fushi ya hana ta zuwa kare kofinta a 1934, wai don Turawa sun ƙi zuwa nata bikin. Sai dai mai nasara yana da abin da zai rufe aibinsa da shi. Wanda aka kayar ba shi da komai sai halinsa.

Akwai wani abu kuma da ya fi damuna. Shekarar 1930 shekarar tsanani ce, kasuwannin duniya sun rushe tun 1929, farashin nama da alkama ya faɗi, aikin yi ya yi wuya. Kwana 38 bayan wasan Montevideo, watau ran 6 ga Satumba, Janar José Félix Uriburu ya hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Hipólito Yrigoyen, aka buɗe ƙofar juyin mulkin soja wadda ba ta rufu ba sai 1983. Ba na cewa ƙwallo ce ta kawo soja, wannan zai zama wauta. Ina cewa ne mutanen da suka ga mutuncin ƙasarsu ya zube don Castro ya sa kai a ƙwallo, da yawansu tafi suka yi wa soja a titi ranar da aka tattake tsarin mulki, har da ɗaliban jami'a. Urugwai ma kofin bai tsare ta ba, gama a 1933 shugabanta Gabriel Terra ya rushe majalisa ya ci gaba da mulki da ƙarfi.

Gasar Kudancin Amurka, wadda aka yi ta ƙarshe a 1929, ba a sake yin ta ba sai 1935 a birnin Lima na ƙasar Peru. Maƙwabtan suka haɗu a wasan da zai raba gardama, amma saboda tsamin da ya rage, ba wadda ta sa rigar da aka san ta da ita. Urugwai ta fito da ja, Ajantina da fari. Urugwai ta ci 3 ba ko ɗaya, Héctor Castro ne kuma ya jefa ta farko.