Wa Ya Ce Birgil Na Da Ƙafa?

'Yan uwa ɗalibai, ku shiga ajin CM1 nan Maraɗi ku rubuta 2,5 × 10 bisa allo. Yara da yawa 2,50 za su ba ku. Ba daƙiƙai ba ne, haddar da aka ɗura musu suka maido: in za ka ninka da goma, ƙara sifiri. Dokar tana ci ga 25, ta faɗi ga 2,5. Sai mushe ya kawo wata, da Faransanci: a gusa birgil zuwa dama. Don mi? Shiru.

Amma tambayi yaron nan tiya biyu da rabi ta hatsi sau goma a kasuwar Tibiri. Ashirin da biyat, kafin ka rufe baki! Shi ne fa ke maida 500 dala ɗari da ka, ba alli.

Ni dai na ce a daina ruɗa yara. Birgil ba ta zuwa ko'ina, lambobi ne ke hawa: 2 ta bar gidan ɗai-ɗai ta shiga gidan gomomi, 5 da ke bayan birgil ta zama biyat cikakka. Wannan bayani ne, kuma bayani sai da harshen da yaro ke tunani da shi.

Masu cewa wai Hausa ba ta ɗaukar lissafi, tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram. Shekara hamsin ana gwaji! A 2025 an rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To, mushen da ke Jiratawa, da wane harshe zai koyar da 2,5 × 10 ran Litinin?