Daga Zaure zuwa Get: Su Wa Ke Sayen Gida a Unguwannin da Aka Killace?

Hausa tana da kalmar ƙofa tun fil azal, amma duk da haka sai da ta aro get daga Ingilishi, kuma kalmomin biyu suka zauna tare ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba. Dalili shi ne aikinsu ya bambanta. Ƙofa sallama ake yi mata a shiga. Get kuwa ƙwanƙwasa shi ake yi, a tsaya har maigadi ya leƙo ya tambayi wanda ake nema. A 'yan shekarun nan get ya tashi daga bakin gida ɗaya ya koma bakin unguwa sukutum: katanga mai waya a kai, hanyar shiga guda, masu gadi da littafin rubuta sunan baƙi, wani wurin ma sai mai gida ya turo wa baƙonsa lambar shiga ta waya. Kafafen yaɗa labarai kan kira irin wannan wuri rukunin gidaje, sunan da bai kama ainihin abin ba, domin killacewar ita ce hajar da ake sayarwa.

Mafi shahara a Nijeriya ita ce Banana Island da ke Ikoyi a Legas, tsibirin da aka cike ruwa da yashi aka samar. Kusa da ita ga Eko Atlantic, wadda ake ginawa a filin da aka ƙwato daga teku. A Abuja akwai irinsu birjik a Maitama da Asokoro da Guzape da Katampe, sannan ƙananansu sun fara bayyana a Kano da Kaduna. Idan aka tambayi mutumin titi su wa ke zaune a ciki, amsarsa kalma biyu ce: masu kuɗi. Amsar daidai ce, sai dai ba ta ƙosar da manazarci. Masu kuɗi sun daɗe a ƙasar Hausa, kuma yawancinsu a tsakiyar jama'a suka rayu suka mutu. Abin tambaya shi ne wane irin mai kuɗi ne ke biyan tsada domin a raba shi da unguwa, kuma me yake gudu.

A littafinsu Fortress America na 1997, Edward Blakely da Mary Gail Snyder sun kasa irin waɗannan unguwanni na Amurka gida uku: na masu neman wani salon rayuwa, kamar 'yan fansho da masu sha'awar wasan golf, na masu neman martaba, da na masu neman tsaro. Rabon ya yi wa Amurka daidai, inda mai saye ya riga ya san ruwa zai zo famfo, wuta kuma ba za ta ɗauke ba ko da bai shiga bayan katanga ba. A nan gida lissafin ya sha bamban.

Mai neman tsaro dai muna da shi, kuma ba ni da abin zarginsa. Wanda ya ga harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, ya ga yadda aka fasa gidan yarin Kuje a watan Yuli na shekarar, ya kuma ji labarin mutanen da aka ɗauke daga gidajensu a yankin Bwari a farkon 2024, ba zai rasa dalilin son katanga ba. Masu garkuwa da mutane sun mayar da alamar wadata laifi. A cikin wannan rukuni akwai 'yan kasuwar da suka baro garuruwansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, akwai kuma jami'an ofisoshin jakadanci da na kamfanonin waje, waɗanda hukumominsu ne ke gindaya musu sharaɗin inda za su kwana.

Wanda rabon Blakely da Snyder bai hango ba shi ne mai sayen gwamnati. Na kira shi haka ne domin abin da yake biya wa kuɗi shi ne ayyukan da hukuma ta ɗauki alkawari ta kasa cikawa: wutar da ba ta yankewa, ruwan burtsatse da aka tace, titi mai kwalta da magudanar ruwa, motar kwasar shara da ke zuwa a ranar da aka ce. Likita ne ko babban ma'aikacin banki ko injiniyan kamfanin sadarwa, ya zauna ya yi lissafin abin da yake kashewa kan janareta da man dizal da tankar ruwa da albashin maigadi a gidansa na cikin gari, ya ga gara ya haɗa kai da mutum ɗari su biya kuɗin hidima na shekara. Ƙungiyar mazauna unguwar ita ce ƙaramar hukumarsa: tana karɓar haraji, tana kafa doka, tana yanke wa wanda ya ƙi biya wuta. Abin da ya kamata ya dame mu a nan shi ne, waɗannan su ne mutanen da ke da ilimi da murya da sanayyar da za su matsa wa hukuma ta gyara wutar gari. Ranar da suka sami mafita tasu ta kansu, sai layin masu ƙorafi ya rage saura waɗanda ba a sauraro.

Akwai kuma wanda ya sayi gidan ba don ya kwana a ciki ba. Duk wanda ya ratsa wasu sassan Maitama ko Asokoro da dare ya ga manyan gidaje a duhu, babu mai rai sai maigadi a ɗakinsa na bakin get. Wani ɓangare na wannan halattaccen tsimi ne. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba; zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye dukiyarsa a naira ya wayi gari kashi biyu cikin uku sun narke, wanda ya zuba ta a bulo da siminti a unguwar da ake yi wa farashi da dala bai yi wannan asara ba. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare, waɗanda ke aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, da yawansu sun fi amincewa da kamfanin da zai miƙa musu makulli da takardar mallaka a kan ɗan'uwan da za a aika wa kuɗin gini a zo a tarar da fili. Wani ɓangaren kuma ɓoyon abin da ba a son a gani ne. A Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida da ke cikin wani dogon bene a Ikoyi. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya wani rukuni mai gidaje 753 a gundumar Lokogoma ta Abuja, bayan hukumar ta ce da kuɗin haram aka gina shi. Katangar da ke hana ɓarawo shiga ita ce dai ke hana idon jama'a ganin wanda ya mallaki me.

Mai neman martaba ba sai an tsaya a kansa ba. Adireshi yake saye, kamar yadda wani ke sayen sarautar da ba ta da ƙasa.

Wanda na fi son manazarta Hausa su kula da shi ba ya fitowa a tallar dillalai, shi ma da wuya ya bayyana dalilinsa da bakinsa, domin faɗinsa abin kunya ne. Shi ne mai gudun zaure.

A tsarin birnin Hausa, arziki yana zuwa da jama'a. Attajiri kan fito zaurensa da hantsi ya tarar da mutane suna jira: mai neman jari, mai takardar asibiti, wanda matarsa ta haihu babu ragon suna, malamin unguwa, maroƙi, da wanda ya zo gaisuwa kawai amma ya san ba zai koma hannu rabbana ba. Da azumi a dafa abinci a fitar, da salla a raba turame. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma, a unguwar Ƙoƙi ya zauna, a cikin birni, da maƙwabta masu ƙaramin ƙarfi a kowane ɓangare. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ƙarfin maigida a fataucin shanu da goro ya rataya a kan yawan baƙin da yake saukewa da yaran da yake ci da su. Shi ma Anthony Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya sa karamci cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. Zaure shi ne wurin da ake gwada wannan karamci a bainar jama'a, kowace safiya.

Sai dai zauren da aka tsara don unguwa mai gida ɗari biyu ba zai ɗauki birni mai mutum miliyoyi ba, balle a lokacin da talauci ya yi katutu. Wanda ya sami muƙami yau, kafin ya karɓi albashin farko, buƙatun da ke ƙofarsa sun ninka abin da zai samu a shekara. Ya ba goma, ya hana casa'in, casa'in ɗin nan su ne za su yi masa suna. Al'ada ba ta ba shi kalmar da zai ce a'a da ita ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Get ya zo ya ɗauke masa wannan nauyi: maigadi ne zai ce ba ya nan, dokar unguwa ce ta hana shiga sai da izini, shi kuwa bai kori kowa ba. A wasu gidajen matar ce ta fi matsa a koma, domin ita ce ke tsaye a kan tukunyar da ba ta sauka, ita ce kuma ɗakinta ba ya rabo da baƙin dangin miji. Ban ga adalci ba a yi mata hukunci ba tare da an lissafa wannan aiki ba.

Wani zai ce ai katanga ba baƙuwa ba ce gare mu, tunda biranenmu da ganuwa aka san su. Kwatancin bai tsaya da ƙafarsa ba. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu wajen farkon ƙarni na 12, ta kewaye sarki da talaka, da kasuwar Kurmi, da Dala da Goron Dutse, har da gonakin da za a noma idan an yi wa gari ƙawanya. Mutanen karkara kan gudo cikinta lokacin yaƙi. Sarkin ƙofa yana rufe ƙofa da dare ne a kan abokin gaba. Asalin unguwar da aka killace yana wani wuri dabam, a unguwannin Turawa na zamanin mulkin mallaka. Dokar birane ta 1917, a zamanin Lugga, ta tanadi a bar filin da ba a gini mai faɗin yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, da hujjar kare su daga zazzaɓin da sauro ke yaɗawa. Haka aka sami Nasarawa da Bompai a Kano, da Ikoyi a Legas. Bayan 1960 manyan ma'aikata suka gaji gidajen, suka gaji boskwata a bayansu, suka kuma gaji tunanin cewa ci gaba shi ne nisa da cikin gari. Inda Bature ya bar fili, jikan wanda aka ware ya gina katanga.

Wani lokaci ma filin da kansa sai an kori wasu ake samunsa. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni, kuma a yau wurin yana cikin filaye mafiya tsada a ƙasar. Masu saye ba su ne suka turo katafila ba, amma farashin da suke biya shi ne ya sa turo ta ya zama riba.

Ra'ayina shi ne, mai gudun zaure yana da uzuri, amma abin da ya bari a baya ya fi abin da yake zato girma. Zaure bai tsaya ga rabon kuɗi ba. Ta nan mai hali ke jin farashin kwanon masara daga bakin wanda ya kasa saye, ta nan yake sanin yaron wane ya daina zuwa makaranta. Yanzu taimako ya koma tura kuɗi ta waya da gidauniya mai ofis da fom, waɗanda ke kai wa ga wanda ke da lambar mai gida ko wanda ya iya cike takarda. Tsohuwar da hanyarta ɗaya ita ce ta zauna a soro har a fito, ba ta cikin lissafin. Shari'a ta ɗora wa mutum haƙƙin maƙwabci, fikihu ya yi bayaninsa dalla-dalla, amma malaman da suka rubuta bayanin ba su san unguwar da ake tace maƙwabta da farashi ba, har ya zamana babu mabuƙaci ko ɗaya a gida arba'in na kowace fuska. Mabuƙacin da ya rage a ciki shi ne maigadi, wanda a Legas sau da yawa ɗan Arewa ne ko Buzu daga Nijar, da direba da mai aikin gida, kuma su a ma'aikata ake lissafa su.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe da al'ada, kuma ana iya fara shi da abubuwan da ido ke gani. Yaran da suka tashi a waɗannan unguwanni, wace Hausa suke ji, tunda ba su yi wasan dandali ba, ba su kuma yi tashe ba? Maroƙi da mai bara da mai tallar fura, waɗanda adabin baka ya dogara da yawonsu, ina suke tsayawa? Sai kuma babbar jarrabawa, wato mutuwa. Ta'aziyya ba a yi mata katin gayyata, kuma littafin maigadi ba zai ɗauki sunayen mutum dubu ba. Shi ya sa sau da yawa idan aka yi rasuwa a irin waɗannan gidaje, sai a ji sanarwa a rediyo cewa za a yi jana'iza da zaman makoki a gidansu na gado da ke cikin gari, a ƙofar zauren da mamacin ya yi shekaru bai zauna ba.