RA'AYINMU: Nagge Daɗi Goma, Nawa Ne Rabon Makiyayi?

Duk wanda ya yi sammako ya je kasuwar shanu ta mayankar Kaase a nan Kumasi, ya tsaya ya ga ana sauke mota guda, zai ga abin lura. Kafin sa ɗaya ya zama nama a teburin mahauci, mutane da yawa sun riga sun ci abinci a jikinsa. Akwai dillalin da ya haɗa cinikin a kasuwar ƙauye, da mai canjin sefa zuwa sidi, da 'yan lodi, da direba da yaran mota, da malamin dabbobi mai ba da takarda a Paga, da mai masauki, da dillalin nan gari, da masu jan igiya, da mai tuwon da ke ciyar da su duka. A cikinsu babu wanda ya kwana da san nan a daji, babu wanda ruwan damina ya doka saboda shi. Amma kowannensu ya yi wani aiki, kuma an biya shi.

To, irin wannan aiki shi ne masana tattalin arziki ke kira ayyukan hidima, wato sana'ar da ba noma ba ce, ba kiwo ba, ba ƙira ba, amma ana biyan mai yin ta: sufuri, saye da sayarwa, banki, waya, asibiti, makaranta, masauki da makamantansu. A shekarar 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta sake lissafin arzikin ƙasa, sai aka ga ayyukan hidima sun kai kimanin rabin abin da ƙasa ke samarwa, sun ture noma da kiwo daga matsayi na farko. Tun daga lokacin ake ta gaya mana cewa wannan alamar ci gaba ce. Ba mu musa ba. Tambayarmu ita ce, ci gaban nan ina ya tsaya, kuma nawa ne rabon mai sanda a hannu?

Da farko dai ya kamata mu sani cewa mu mutanen Zango ba baƙin hidima ba ne. Ai kalmar zango kanta ma'anarta wurin da ayari ke sauka ya huta. Kakanninmu sun zo Gwanja da dabbobi da kanwa da tufafi, sun koma da goro. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa wasu garuruwa, daga baya da yawa suka tare a Kumasi. Abin da ya riƙe cinikin shanu a wancan zamani shi ne mai gida. Shi ke saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalinsa ya nemo mahauci, sa'an nan ya tsaya lamuni idan an ba da shanu bashi. Babu banki, babu takarda, sai amana. Har wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi rubutu a 1966 kan wannan tsari na masu gida da dillalai da mahautan Kumasi. Ashe abin da ake kira sabon tattalin arziki, a kansa aka kafa unguwarmu.

Babu shakka zamani ya kawo sauƙi. A da sai an koro shanu a ƙasa makonni daga arewa, su iso a rame, wasu su mutu a hanya. Yau mota na ɗauko su daga Paga ta biyo Bolga, Tamale, Kintampo da Techiman, tafiyar fiye da kilomita 500, ta iso ba a daɗe ba. Wayar hannu ta sa falke na jin farashin Kumasi tun yana kasuwar Burkina. Tun da kamfanin MTN ya fara MoMo a 2009, mutum na iya tura kuɗi gida ba sai ya ɗaura su a ƙugu ya bi hanyar dare yana fargabar 'yan fashi ba. Harajin da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya a 2022, wanda ya dami 'yan kasuwa, an soke shi a 2025. Haka kuma kada mu manta da bushiya, wadda ta sha share garkunan kakanninmu. Allurar malaman dabbobi ce ta yi maganinta, har aka ba da sanarwa a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Wannan ita ce hidimar da ta cancanci a kira ta ci gaba, domin ta ƙara yawan dabbar da ke raye.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Mafi yawan hidimar nan iyakarta bakin kwalta. Makiyayin da ke ruga a dajin Afram ko bayan Yeji, sau da yawa sai ya hau tudu kafin wayarsa ta kama. Malamin dabbobi ya yi masa nisa, don haka yake sayen magani a hannun masu talla ranar kasuwa, ba ya iya karanta kwalbar, bai san ko ta lalace ba. Idan sammore ko ciwon huhu ya shiga garke, dole ya sayar da gaggawa, kuma mai saye ya san halin da yake ciki. Mun ga abin da ya faru a watan Yuni na 2023, lokacin da ciwon saifa ya ɓulla a yankin Binduri, aka hana zirga-zirga da yanka dabbobi a jihar na wata guda, ga babbar salla ta matso. An yi allura, amma bayan ɓarna ta auku. Da rigakafi na isa ruga kowace shekara, da asarar ba ta kai haka ba.

Bugu da ƙari, hidimar zamani ba ta san mutum ba sai da takarda. Tun 2021 aka ce rajistar layin waya sai da Ghana Card, banki ma haka tun 2022. Alhali kuwa akwai Fulani da yawa da aka haifa a ƙasar nan, iyayensu ma a nan aka haife su, waɗanda ke shan wahala kafin su sami katin, saboda a ruga aka haife su ba a yi masu takardar haihuwa ba, ko saboda an dubi fuskarsu an ce baƙi ne. Wanda ba shi da kati ba shi da layi da sunansa, kuɗin shanunsa sai su shiga wayar wani. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Akwai kuma wani abin da ke damunmu a cikin gida. Samarinmu na sayar da shanun gado su sayi babur ko keken Pragya su shigo gari, wasu su buɗe rumfar MoMo. Sana'a ce ta halal, ba mu raina ta ba. Sai dai babur ba ya haihuwa, tsufa yake yi. Hidima kuwa a bayan dukiya take tafiya. Tun da rashin tsaro ya toshe hanyoyin Djibo, ɗaya daga manyan kasuwannin shanu na Burkina, kowa a kara ya gane cewa ranar da mota ba ta zo ba, dillali da ɗan lodi da mai tuwo duk zaman banza suke yi. Ga shi Mali da Burkina da Nijar sun fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Ƙasar da ta bar garkenta ya lalace, ta cika kantuna da daskararrun kaji daga Turai da Amurka da Brazil, za ta ga ciniki ya ƙaru a takarda, amma makiyayin wata ƙasa take ciyarwa.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da majalisun gundumomi, waɗanda ke karɓar kuɗin shiga a kan kowace dabba, su mayar da wani kaso ya zama ruwan sha, allurar rigakafi, wurin lodi mai kyau da makarantar da ta dace da 'ya'yan makiyaya. A rage tsaye-tsayen hanya, domin duk awar da mota ta ɓata a shinge, nama ne ke zubewa daga jikin dabba. A kuma kai masu rajistar haihuwa da katin ƙasa har ruga.

Mu ma 'yan ƙungiya akwai namu. Na farko, kowane reshe ya zaɓi yaro ɗaya ko biyu a ɗauki nauyin karatunsu har su zama malaman dabbobi. Na biyu, a haɗa kuɗi a riƙa sayen magani a wurin da hukuma ta yarda da shi, a kuma yi hayar mota tare maimakon kowa ya yi ta kansa. Na uku, wakilanmu na kara su riƙa sanar da rugage farashi kowane mako ta waya, da Hausa da Fulfulde. Na huɗu, duk bashin shanu a rubuta shi a gaban shaidu, kamar yadda addini ya umarta. Ga 'yan'uwanmu dillalai da masu gida kuma, a tsaya a kan la'adar da aka sani, a daina ɓoye wa mai dabba ainihin kuɗin da aka saya. Amana ce ta gina Zango, rashinta ne zai rushe shi.

Idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Kada mu saki sanda, amma a cikin hannuwa goma da ke ci a jikin nagge, lalle ne wasu su zama na 'ya'yan wanda ya yi kiwonta. Allah ya albarkaci dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu manoma, amin.