Alƙalin ƙwallon kwando ba ya hukunci sai da gani

Duk wanda ya saba tsayawa bakin filin ƙwallon kwando ya san ihun nan: "Alƙali, ka makance ne?" Da an taɓa ɗan wasa ba a busa usur ba, sai a ce an saye alƙali. Ra'ayinmu shi ne yawancin wannan zargi rashin sanin ƙa'ida ne, kuma ɗora wa mutum cin hanci ba tare da hujja ba abu ne mai nauyi.

Mas'ala ta farko: ba kowace taɓawa ce laifi ba. Mutum goma suna gudu cikin fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, dole jiki ya gogi jiki. A dokar FIBA, wato hukumar wasan ta duniya, ana ɗaukar kowane ɗan wasa kamar yana tsaye cikin ganga tasa, daga ƙasa har sama. Wanda ya fito daga gangarsa ya ture wani, shi ke da laifi. Mai tsaro kuwa, in ya riga ya tsaya yana fuskantar abokin karawarsa, ƙafafunsa biyu a ƙasa, mai ƙwallo ya zo ya banke shi a ƙirji, to laifin na mai ƙwallo ne, ko da shi ne ya faɗi yana kuka. In kuma mai tsaron ne ya makara ya kutso gabansa, laifi ya koma kansa. Bayan haka alƙali yana duba ko taɓawar ta ba wani rinjayen da bai cancanta ba. In ba ta hana kowa komai ba, sai wasa ya ci gaba. Ku tuna laifi biyar ke fitar da ɗan wasa daga fili; in ana busa kowace goga, wa zai kai ƙarshen wasa?

Mas'ala ta biyu: alƙalai ba abu ɗaya suke kallo ba. Tun dokoki 13 da James Naismith ya rubuta a Amurka a 1891, alƙalai biyu ne: ɗaya yana lura da ƙwallo, ɗaya yana lura da mutane da laifuffukansu. Yau a manyan wasanni uku ne. Na gaba yana bayan layin ƙarshe, yana kula da cunkoson ƙarƙashin kwando. Na baya yana gefe ɗaya da shi amma nesa da kwando, yana kallon masu jifa daga nesa. Na tsakiya yana ɗaya gefen, daidai layin jifan kyauta. In ƙwallo ta zauna a ɓangaren na tsakiya, na gaba ya tsallaka can, sauran biyun su yi musanyar aiki. Saboda haka alƙalin da ke kusa da kai, mai yiwuwa an ɗora masa kallon masu kokawa nesa da ƙwallo. In duka ukun suka zuba wa ƙwallo ido, wa zai ga gwiwar hannun da aka soka wa wani a haƙarƙari?

Wani zai ce, ai alƙalai ma suna kuskure. Haƙiƙa suna yi, ƴan Adam ne. Amma wanda ya ga ƙarshen karo bai ga farkonsa ba, bai san wa ya riga tsayawa ba. In ya busa, da zato ya yi hukunci. Gani ya kori ji, balle ihun ƴan kallo.

Shawararmu ga masu shirya wasannin unguwa da na makarantu: ku daina barin mutum ɗaya da usur yana tsere da samari goma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sa biyu aƙalla, ɗaya bayan kwando, ɗaya wajen tsakiyar fili a ɗaya gefen, su raba aiki kafin a fara. Mu kuma ƴan kallo, kafin mu ɗaga murya mu tambayi kanmu: wa ya riga tsayawa, kuma wa ya shiga gangar wani? Allah Ya ba mu ikon yin adalci, har ga mai usur.