Malamai, ina batun ƙazafi?

Zuwa ga Edita,

Don Allah ka ba ni fili in yi wa malamanmu tuni. Kullum wa'azi a kan munin zina ne, kuma gaskiyarsu. Amma Suratun Nur ɗin da suke jawowa, aya ta 4 ta yanke wa mai ƙazafi bulala 80 in ya kasa kawo shaidu huɗu, a kuma daina karɓar shaidarsa. Yau sai a ɗauki hoton yarinya a adaidaita sahu kusa da namiji, a watsa a WhatsApp, kafin la'asar an fasa aurenta. Har dattawa ke turawa, wai nasiha! Limamai su ware wa batun ƙazafi huɗuba guda.

Mai karatu,
daga Kano