Jinjina ga Laburaren Murtala, Tuni ga Mutanen Yauri

A kan titin Ahmadu Bello cikin birnin Kano akwai Laburaren Murtala Muhammad. Masu shirin jarrabawa sun san shi. Marubuta ma sun san shi, domin a can ƙungiyarsu ta ANA reshen Kano ta daɗe tana zaman karatunta na wata-wata. Ni kuwa abin da ya sa nake jinjina wa wannan gida shi ne sashen da aka keɓe wa yara.

Wanda bai san inda aka fito ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ɗakunan karatun da En'e-En'e suka buɗe a Arewa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu na manya ne, malaman ofis da 'yan boko masu zuwa neman labarin yaƙi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Yaro kuwa, a al'adarmu, in manya sun zauna sai ya ba da wuri. Saboda haka ranar da hukuma ta ware ɗaki ta ce wannan na yara ne, ta yi abin da ba a saba ba.

Kuma aikin wurin ba wasa ba ne. Babba yakan zo da abin da yake nema a ransa, yaro sai an nemo masa. Zai ɗauki littafi a juye, ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya tsaya a kan hoto guda ya ƙi gaba. Ma'aikaciyar da za ta sauko ta zauna tare da shi, ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta nuna masa cewa Gizon da kakarsa take ba shi labarinsa da daddare shi ne wannan da ke kwance a takarda, ta yi abin da bulala ba ta taɓa yi ba. In yara sun watse, ita ce za ta zauna da gam tana liƙe bangon da ya ɓalle. Ba mai kiran sunanta a rediyo. Sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri.

To, amma da sauran rina a kaba. Laburaren yana Nassarawa ne, yaron Kurna ko Ɗorayi sai an biya masa kuɗin adaidaita sahu, kuma sai an sami babban da zai raka shi. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44. Sannan akwai maganar abin da ke kan kanta. Ɗan shekara bakwai ya fi buƙatar littafi da harshen da yake mafarki da shi a kan tarin littattafan sadaka masu labarin ƙanƙara. An kuwa rubuta irinsu da Hausa: shirin Mu Karanta ya yi wa Sakkwato da Bauchi, shirin RANA ya yi wa Katsina da Zamfara. Bai kamata su tsaya a aji kaɗai ba.

Nan ne maganar ta dawo gida. Idan nisa ya hana yaron Kano, ina ga namu na Yauri da Ngaski da Shanga? Tun da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, aka tashi fiye da mutum 40,000 daga matsuguninsu, jama'armu suka bazu a gungu-gungu da tungayen bakin tafki. Je ka bakin ruwa a Yelwa da hantsi ka gani: kwale-kwale ya kawo buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi, ya koma da gishiri da fetur da sabulu. Komai yana samun wuri a cikinsa, sai akwatin littafi. Yaron Gungawa da ya iya riƙe filafili tun yana ƙarami, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba.

A Bangaladash, inda ambaliya ke raba yara da makaranta duk damina, wani mai zanen gine-gine, Mohammed Rezwan, ya fara mayar da jiragen ruwa ajujuwa a 2002, daga baya har da laburare a ciki. Mu ba ma sai mun kai can ba. Akwati mai murfi da ruwa ba ya shiga, da malami guda mai iya ba da labari, da ranar da kowace tunga ta san zai iso, sun isa a fara. Littafin ne zai yi tafiyar, ba yaran ba. Wanda ya tuna haɗarin jirgin da aka yi kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba zai nemi ƙarin bayani ba. A watan da ya biyo baya, ranar 17 ga Yuni, aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, iyaye da yawa suka shiga tsoron makarantar kwana. Ɗakin karatu na cikin gari, wanda yaro zai je da rana ya dawo kafin magariba, ya ƙara daraja tun daga lokacin.

Ba mu rasa masu fahimtar wannan ba. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gwamnanmu Nasir Idris malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa. An ga ƙoƙarin da aka yi wajen raya bikin Rigata, jirage suka cika kogi, baƙi suka cika gari. Ranka ya daɗe, Mai Girma Gwamna, a cikin waɗannan jirage muna roƙon a bar wa yara guda ɗaya, a kuma ware musu ɗaki nasu na kansu a Yelwa kafin Rigata mai zuwa.