Ɗanɗanon Wasan Tsere da Cinikin Biri a Sama

Ranar 12 ga Satumba, 2018, kamfanin Microsoft ya saki ɗanɗanon wasan tseren motoci na Forza Horizon 4, wato ɗan yankin wasa da ake bayarwa kyauta kafin a fara sayarwa, wanda 'yan wasa ke kira demo. Wanda ya kunna shi ba ya jiran komai. Sai dai ya tsinci kansa cikin motar McLaren Senna yana keta karkarar Birtaniya a lokacin kaka, busassun ganyaye na tashi a bayansa. Kafin ya gama mamaki an jefa shi cikin hunturu, yana tuƙa motar jeji a kan tafkin da ya daskare. Daga nan sai tsere da 'yan babur cikin taɓo, sannan a mayar da shi cikin Senna a lokacin zafi, ya ƙarasa filin biki ana kaɗe-kaɗe. Cikin 'yan mintoci an zagaya da shi shekara guda.

Aiki ne na gwanaye, kuma ma'aikatan Playground Games da suka ƙera shi a garin Leamington Spa na Ingila sun cancanci yabo. Abin zargi shi ne abin da ake yi da irin wannan ɗanɗano. Da zarar ya fito, masu sharhi kan cika shafuka da bidiyoyi da abin da suke kira ganin farko, mai saye kuma ya ɗauki wannan a matsayin hukunci, ya biya dala 60 tun kafin wasan ya fito. Wannan al'ada tana cutar da mai saye, domin tana amsa tambayoyi masu sauƙi, tana kuma binne tambayar da ta fi kowace nauyi: abin da aka biya wa kuɗi, na wane ne, kuma har zuwa yaushe?

Saman kwando

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir ya san manya a saman kwando ake jera su. Ɗanɗanon wasa saman kwando ne, kuma kamfanoni sun san haka da alƙaluma. A shekarar 2013 Jesse Schell, malami kuma maƙerin wasanni, ya gabatar da ƙididdigar cinikin wasannin Xbox 360 wadda ta nuna cewa waɗanda aka fitar musu da ɗanɗano sun yi kusan rabin cinikin waɗanda aka tallata da bidiyo kawai. Ana iya jayayya kan dalilin hakan, amma darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a fili yake: kada ya ba da ɗanɗano sai ya tabbatar zai ja mai saye. Saboda haka duk ɗanɗanon da ya iso hannun jama'a an tace shi, an goge shi, an zaɓi mota mafi gudu da hanya mafi kyan gani.

Akwai kuma dalili na biyu. Tun watan Yunin 2015 kasuwar Steam ta kafa ƙa'idar mayar da kuɗi ga wanda ya sayi wasa cikin kwana 14, muddin bai buga shi fiye da sa'a biyu ba. Ƙa'ida ce mai kyau, amma ta mayar da sa'o'i biyun farko wani shinge da kowane kamfani yake son mai saye ya tsallake yana murmushi. Abin da ya biyo bayan shingen ba ya shafar kuɗin da aka riga aka karɓa. Mai sharhin da ya rubuta ra'ayinsa bayan sa'a ɗaya yana auna daidai ɓangaren da kamfani ya fi kowa sanin za a auna.

Abin da sa'a ɗaya ba ta nunawa

A cikin wasanni duka, tseren buɗaɗɗen fili ne ya fi ƙin a yanke masa hukunci da wuri. Wasan tsere na da'ira, inda ake zagaya hanya ɗaya, ana iya gane halinsa a zagaye goma. Buɗaɗɗen fili kuwa alkawarinsa shi ne faɗi: garuruwa da dazuzzuka da ɗaruruwan motoci, mutum ya nufi inda ya ga dama. Ingancin irin wannan alkawari sai an daɗe ake saninsa. Sai a sa'a ta talatin ɗan wasa zai gane ko hanyoyin suna da bambanci ko kuwa hanya ɗaya ce aka sauya wa fenti, ko abokan tseren da kwamfuta ke tuƙawa suna yin gasa ta gaskiya, ko kuma samun motar da yake so yana bukatar ƙwarewa ko sa'a kawai. A Forza Horizon 4 kyaututtuka da yawa ta hanyar juya wata ƙafa ake samunsu, mai kama da injin caca, wadda kan ba mutum mota mai tsada yau, gobe ta ba shi hula. Yanayin shekara da ɗanɗano ya nuna cikin mintoci kuwa, a cikakken wasa sau ɗaya yake sauyawa a mako, ranar Alhamis, ga kowa da kowa. Wanda ba ya son ƙanƙara sai ya haƙura da ita kwana bakwai a fili.

Kuskuren ganin farko yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren ma. Da ɗanɗanon Burnout Paradise ya fito a watan Disambar 2007, masoya jerin wasan da yawa sun yi masa ca, musamman saboda babu damar sake tsere nan take idan an faɗi. Wasan ya fito a Janairun 2008, daga baya aka ƙara masa wannan dama, kuma a yau ana lissafa shi cikin fitattun wasannin tsere na zamaninsa. Ma'aunin da ke yabon abin da bai gama gani ba, yake kuma kushe abin da bai gama fahimta ba, bai cancanci a ɗora masa kuɗin mutane ba.

Kayan aro

Duk wannan ƙaramin laifi ne idan aka kwatanta da babban. Motocin da ke cikin waɗannan wasanni na aro ne. Kamfanin wasa yana biyan lasisi ga masu ƙera motoci da masu waƙoƙin da ake ji a rediyon mota, kuma lasisi yana da wa'adi. Shi ya sa Forza Horizon 4 ya fito babu motocin Mitsubishi sai a Janairun 2019, manyan motocin tseren Toyota kuma sai a Disambar shekarar. Shi ya sa kuma aka cire Forza Horizon na farko daga kasuwa a 2016, na biyu a 2018, na uku a 2020, kowanne bayan kimanin shekara huɗu. Na huɗun, mai Senna da daskararren tafki, an daina sayar da shi ranar 15 ga Disamba, 2024. A nan dole a yi adalci: wanda ya riga ya saya yana ci gaba da buga abinsa, har ba tare da intanet ba. An rufe shago ne, ba a shiga gidan kowa ba.

Labarin The Crew ya wuce nan. Kamfanin Ubisoft ya fitar da shi a Disambar 2014, aikin ma'aikatan Ivory Tower da ke birnin Lyon na Faransa. Alkawarinsa shi ne Amurka sukutum a taƙaice, daga New York zuwa Los Angeles, tafiyar da ke cin fiye da rabin sa'a a cikin wasa. Kafin fitowarsa an buɗe wa jama'a gwaji, an yi ta rubuta ganin farko kan girman taswira. An gina wasan ta yadda ba ya tashi sai ya gaisa da manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet, ko da mutum shi kaɗai yake son tuƙi. A Disambar 2023 aka cire shi daga kasuwa, ranar 31 ga Maris, 2024 kuma aka kashe kwamfutocin. Daga ranar, faifan da mutum ya saya da kuɗinsa ya zama abin ɗora kofin shayi. Ba a jima ba masu shi a kwamfuta suka tarar an janye musu lasisin gaba ɗaya. Da wasu 'yan wasa biyu suka kai ƙara a jihar California a Nuwambar 2024, hujjar lauyoyin kamfanin ita ce tun farko ba mallaka aka sayar musu ba, izinin amfani ne mai iyaka.

Wannan shi ne cinikin biri a sama, sai dai a nan birin ya sauko, an yi shekaru ana wasa da shi, sannan mai shi ya dawo ya ce dama aro ne.

Hujjojin masu kare al'adar

Masu kare ganin farko za su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akwai gaskiya a ciki. Ɗanɗano yana nuna yadda mota ke amsa hannu, da ko kwamfutar mutum za ta iya ɗaukar wasan, kuma waɗannan abubuwa ne da bidiyon talla ba ya nunawa. Gara ɗanɗano da rashinsa. Amma Laraba ba mai sayar da Juma'a ne yake shirya ta ba. Ranar ɗanɗano kamfani ne ya zaɓi rana da hanya da mota, shi ne kuma ya zaɓi inda za a tsaya.

Za su kuma ce kula da manyan kwamfutoci yana cin kuɗi, kuma shekara tara da 'yan watanni ba kaɗan ba ne ga wasan dala 60. Babu mai hankalin da ke neman kamfani ya riƙe kwamfutoci har abada. Abin da ake nema shi ne idan zai tafi ya bar ƙofa a buɗe. An kashe kwamfutocin ainihin Burnout Paradise a watan Agustan 2019, amma faifansa yana aiki har yau, domin an gina shi ya tsaya da ƙafarsa. Cewa hakan ba zai yiwu ga The Crew ba ma ta faɗi: a Satumbar 2025 wasu masoyan wasan suka fito da manhajar da ta farfaɗo da shi, ba da kuɗin kamfani ba. Ubisoft da kansa, bayan hayaniyar da ta tashi, ya yi alkawari a Satumbar 2024 cewa The Crew 2 da The Crew Motorfest za su samu hanyar bugawa ba tare da intanet ba. Abin da kamfani ya iya yi bayan an matsa masa, da ya so da ya yi shi tun farko.

Matsin kuwa bai zo daga masu rubuta ganin farko ba. Ya zo ne daga wani mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, wanda ya kafa gangamin Stop Killing Games a Afrilun 2024. Koken da gangamin ya mara wa baya a Tarayyar Turai ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya kafin a rufe shi a ƙarshen Yulin 2025. Jihar California kuma ta yi dokar AB 2426, wadda ta fara aiki a farkon 2025, mai tilasta wa masu sayar da kayan dijital su bayyana cewa lasisi ne mutum ke saye. Sai da majalisa ta sa baki kafin a faɗi abin da ya kamata ya kasance a layin farko na kowane sharhi.

Wanda ke biyan kuɗin shirun

Sharaɗin kasancewa a intanet kullum ba ya cin kowa daidai. Test Drive Unlimited Solar Crown, wanda aka gina a kan tsibirin Hong Kong, ya fito a Satumbar 2024 da wannan sharaɗi, kuma tun kwanakin farko 'yan wasa da yawa suka kasa shiga saboda matsalar kwamfutocin kamfani. Idan haka ta samu mai layin intanet mai ƙarfi a Turai, ina ga matashin da ke Kano ko Maraɗi, wanda ke sayen data da awo, wutar lantarki kuma tana zuwa tana tafiya? Sauke Forza Horizon 5 kaɗai yana cin fiye da gigabait 100. A wurin irin wannan ɗan wasa, jimla ɗaya da ke cewa wasa ba ya tashi sai da intanet ta fi masa amfani a kan shafi biyar na yabon yadda rana ke ƙyalli a jikin mota.

Saboda haka aikin mai sharhi a bayyane yake. Kafin ya ce uffan kan kyan hoto, ya faɗa wa mai karatu ko wasan yana tashi babu intanet, da abin da kamfani ya ce zai faru ranar da ya kashe kwamfutocinsa, da shekarun da wasannin baya na wannan kamfani suka yi a kasuwa, da adadin sa'o'in da shi kansa ya buga da kuma wanda ya zaɓar masa su. Idan kamfani ya ƙi amsawa, ƙin amsawar labari ne, a rubuta shi. Mai saye kuma ya daina biyan kuɗi kafin fitowar wasa, domin kayan dijital ba ya ƙarewa a shago, babu layin da zai rasa.

Ɗanɗano ya ci gaba da fitowa, a buga shi, a ji daɗinsa. Amma a kira shi da sunansa, wato talla mai sitiyari. Wanda ya rubuta yabonsa bai tambayi wa'adin kayan ba ya yi wa kamfani dillanci ne kyauta, kuma mai karatunsa ne zai biya la'ada.